Ga ɗan'uwan da darasin golf ya ƙara lalata masa bugu

Wa alaikumus salam, ƙanina. Wallahi ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce tun da ka fara ɗaukar darasi ƙwallonka ta ƙara lanƙwasawa dama, ɗan abin da ka iya a da ma ya gudu, kana tambaya ko ka ci gaba da kocin ko ka watsar. To ka fara gaya mana, abubuwa nawa ya canza maka a lokaci guda? Nan maganar take.

Don ni abin da ya same ni ke nan. Ba zan faɗi sunan mutumin ba, ba zan faɗi filin ba, tsofaffin gidan nan, wato wannan zaure namu na masu golf, sun gane. Ya karɓi kuɗin darussa gaba ɗaya tun ban taɓa sanda ba, wai haka tsarinsa yake. Ranar farko ya canza mini riƙo, ya canza tsayuwa, ya ce in rage ɗaga sanda, in juya ƙugu, in mai da nauyi ƙafar hagu, kada in ɗaga kai. Duk cikin awa ɗaya. Kamar ka kai wa bakanike mota don birki ka dawo ka tarar ya sauke inji. Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, rabin lokacin yana kan waya, yana ciniki da wani a kan sandunan da zai sayar masa. Da ya ji ƙarar ƙwallo sai ya ce "ka ɗaga kai", alhali ya ba ni baya. Da me ya gani? Ni kuma na rufe shago, na sha cunkoso tun daga unguwar Nima a nan Accra, ga kuɗin mai, ga kuɗin ƙwallayen gwaji.

Shi ne kuma ya tura ni gasar wata-wata, wai na isa. An kira sunana a ramin farko, manyan mutane tsaye, 'yan ɗaukar jaka sun jeru a gefe. Na tsaya a kan ƙwallo, maganganunsa shida suna yawo a kaina, na rasa wadda zan bi. Na kai bugu da direba, wato babbar sandar bugun nesa, iska na daka, ƙwallo tana zaune a kan ti, ɗan tsinken da ake ɗora ta a kai, ko motsi ba ta yi ba, kuma kun san wannan ma bugu ne, an rubuta. Na sake, ta tashi ta yi kwana ta faɗa cikin ciyawa can dama. Muka je nema. Tun 2019 minti 3 doka ta bayar, ba 5 ba kamar da, suka ƙare ba mu gan ta ba. Bai taɓa gaya mini ana buga ƙwallon ko-ta-kwana, wato wata ƙwallo ta biyu ko da ta farko ta ɓace, kafin a bar wurin ba, saboda haka na tako da ƙafa na dawo, na ratsa waɗanda ke jiran layi, gumi har cikin ido, na dasa wata ƙwallo. Da bugu ɗaya na tarar ɓatar da ƙwallo, bugu na huɗu ke nan ina nan inda na fara. Sai na ji shi yana gaya wa abokinsa da yaren Twi, a zatonsa ba na ji, wai wasu hannunsu na ƙirga kuɗi ne kawai. Suka kwashe da dariya. Ni da aka haifa a garin nan! Kuɗina fa yana aljihunsa a lokacin. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Allah ya isa ban ce ba, amma ban sake gaishe shi ba, ragowar kuɗin ma na bar masa.

Wanda ya gyara ni wani dattijo ne mai ɗaukar jaka, ba shi da takardar komai. Ya yi shiru yana kallona har muka kusa gama zagaye, sannan ya kama hannuna na hagu ya murɗa shi a kan sanda har na ga gaɓoɓin yatsu biyu zuwa uku in na duba ƙasa, tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta nufi kafaɗar dama. Ya ce kada in taɓa komai sai wannan. Dalilin shi ne, ga mai bugu da dama, ƙwallo tana lanƙwasawa dama in fuskar sanda ta iso a buɗe, sandar kuma ta yanko daga waje zuwa ciki. Kai kuma da ka ga tana tafiya dama sai ka ƙara karkata hagu, yankan ya ƙaru, lanƙwasar ta ƙaru. Ɗaga kai ba shi ne ciwon ba.

Ban ce duk wanda bugunsa ya lalace bayan darasi an cuce shi ba. Sabon riƙo dole ya yi maka baƙo, hannu zai yi ta neman komawa gidansa na da. Tiger Woods ya ci gasar Masters a 1997 da ratar bugu 12, ya koma ya sake fasalin bugunsa da kocinsa Butch Harmon, a 1998 gasa ɗaya tak ya ci a PGA, jerin gasannin ƙwararru na Amurka, sai a 2000 ya lashe US Open da ratar 15. In abu ɗaya kocinka ya canza, yana tsaye yana kallonka, yana iya gaya maka dalili, yi haƙuri ka zauna. In irin nawa ne, tattara jakarka. Kuma don Allah kada ka sake biyan kowa gaba ɗaya, darasi ɗaya kuɗi ɗaya.

Ajiye direban nan tukuna. Doka ta yarda da sanduna 14 a jaka, amma sandar ƙarfe mai lamba 7 ta ishe ka koyo, kuma rabin bugu, ba da ƙarfi ba. Ajiye murfin direba a ƙasa, ɗan waje da ƙwallo, in ka yanko daga waje za ka doke shi, ba sai wani ya gaya maka ba. Tabarmar roba ta wurin gwaji tana ruɗi, ko ka daki ƙasa kafin ƙwallo sanda za ta zame ta tashe ta, ka ɗauka ka iya. Nemi ciyawa, ka duba inda ka fasa ƙasa, ya kamata ya kasance gaban inda ƙwallo take. Da hunturu ƙasa ta bushe ƙwallo tana gudu, kowa sai ya ga ya zama gwani, damina ce ke tona asiri.

Af, sandunan naka sababbi ne ko na hannu? Da yawanmu na hannu muke saye, wani ya kawo daga Ingila ko Amurka, ba ma duba ƙarfen jikin sandar. Akwai mai tauri da aka yi don masu saurin bugu, in ba ka da saurin wahala kawai za ka sha. Ka sa a duba maka.

Sannan ka daina nuna wa 'yan unguwa bidiyonka. Mu nan an daɗe ana ce mana wasan masu kuɗi muke, wai Alhaji ya bar kasuwa yana bin ƙwallo a daji. Uwargida ma sai da ta ga hawan jinina ya sauka ta daina magana. Filin golf na Achimota tun 1934 yake nan, iyayenmu da yawa ta gefensa kawai suke wucewa, yanzu kuma a ce don mun shiga mun yi laifi? Ko a Kumasi ai Otumfuo, sarkin Asante, da kansa yana bugawa. Achimota dai bishiyoyinta ba sa yafe wa mai lanƙwasa, filin Sakumono kuma iskar teku ce za ta ƙara kwashe maka ita, saboda haka kada ka auna kanka da makin da ka samu a watannin nan. Handikaf, wato rangwamen bugu da ake yi wa ɗan wasa gwargwadon iyawarsa, har 54 ake bayarwa, akwai wurin kowa.

Ka sa wani ya ɗauke ka da waya daga baya, daidai tsayin hannu, da kuma daga gaba, da mai lamba 7, ba direba ba. Turo nan gidan kafin Asabar, hannunka na hagu nake so in gani.