Na saba da keken duwatsu: wane keken titi zan saya don zuwa aiki da motsa jiki?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina hawan keken duwatsu a Jos, yawanci ta wajen tsaunukan Shere. Yanzu aiki ya mai da ni Abuja. Daga gidana a wajen Gwarinpa zuwa ofis kusan kilomita 13 ne, duk kwalta, ban da layinmu da ruwa ya zaizaye. Kekena mai shok a gaba ne kawai, tayarsa inci 29. A kan kwalta sai taya ta yi ta gurnani, ina zuba ƙarfi amma tafiyar ba ta ci. Ina son keken titi da zan riƙa zuwa aiki da shi, ranar Asabar kuma in yi doguwar tafiya don motsa jiki. An nuna mini wani na hannu, jikinsa kabon (wani abu mara nauyi da ba ƙarfe ba), irin na 'yan tsere, taya milimita 23, da yatsa biyu ake ɗaga shi. In saya, ko me za ka ba ni shawara?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wancan da aka nuna maka dai ka bar wa mai shi abinsa. Ba wai keken banza ba ne. An ƙera shi ne don ɗan tsere, wanda ba ya goya jaka, kuma mota na biye da shi da tayar canji. Kai kuwa za ka fito da sassafe da kwamfuta da rigar canji, ka ratsa layi mai ramuka, ka haye tudun hana gudu, ka gogi kafaɗa da 'yan tasi. Abin da za ka fara dubawa a jikin keke shi ne faɗin tayar da zai iya ɗauka, sannan ko ya yi daidai da tsawonka. Nauyi ya zo daga baya, can nesa.

Kekunan da ke da lanƙwasasshen kai mai kama da ƙahon rago ba iri ɗaya ba ne, ko da yake daga nesa duk kamarsu ɗaya. Akwai na tsere zalla, irin su Specialized Tarmac, Giant TCR da Trek Madone, masu dogon jiki da kai can ƙasa. Akwai na doguwar tafiya, irin su Trek Domane, Giant Defy da Contend, Cannondale Synapse, Specialized Roubaix, ko Triban RC520 na kamfanin Decathlon. A waɗannan gaban keken ya ɗan ɗago, bayanka ba ya sunkuyawa sosai, kuma an bar wa taya fili. Sai na tsakuwa, irin su Diverge, Checkpoint, Revolt da Topstone, masu ɗaukar taya milimita 40 zuwa sama. Na doguwar tafiyar nan nake zaɓa maka. Mai keken duwatsu yakan karkata zuwa na tsakuwa saboda ya fi kama da abin da ya saba, kuma ba laifi in ka samu mai kyau. Amma kana da keken jeji a gida, ban ga dalilin sayen ƙaninsa ba.

Bari mu tsaya a kan taya, don a nan maganar take. Tayarka ta yanzu ta kai milimita 55 zuwa 60, ga ƙurajen riƙe ƙasa a jikinta. Su ne ke wannan gurnanin, su ne kuma ke cinye ƙarfinka. Sauka daga nan kai tsaye zuwa milimita 23 azaba ce. Siririyar taya sai an cika ta da iska tam, awo 100 ko fiye a ma'aunin famfo, sannan take ɗaukar mutum. Duk tsagar da ke kan titi za ta biyo kan keke ta shiga wuyan hannunka. In kuwa iskar ta ɗan ragu ka daki bakin rami, rim zai datse tiyub ya bar masa huda biyu gefe da gefe, irin hudar da facinta ba ya daɗewa. Taya milimita 32 tana tafiya da awo 55 zuwa 70 gwargwadon nauyinka, tana shanye girgiza, tana riƙe ƙasa in ka shiga yashin da ruwa ya zubo gefen titi. Kada kowa ya ruɗe ka da cewa mai faɗi ba ta gudu. 'Yan tseren babbar gasar keke ta Tour de France kansu sun baro 23, yawancinsu suna kan 28 zuwa 30, a gasar Paris-Roubaix kuwa, wadda ake yi a kan hanyoyin da aka daɓe da duwatsu a arewacin Faransa, 32 ba baƙuwa ba ce. Matsalar tsofaffin kekunan tsere masu birkin da ke matse rim ita ce da ƙyar suke wuce 25 ko 28, babu wurin da tayar za ta shiga. Don haka ka durƙusa ka leƙa tsakanin taya da jikin keke, gaba da baya. In babu sarari, ka wuce.

Sai girma. A nan masu fitowa daga keken duwatsu ke yawan ƙonewa. Kan kekenka na yanzu faɗinsa ya kai milimita 740 zuwa 800, ga ɗan gajeren wuya, kana zaune kusan a miƙe. Na titi milimita 380 zuwa 440 ne kacal, wuyansa milimita 90 zuwa 110, kuma hannunka zai fi zama a can gaba kan mariƙin birki. Ranar farko za ka ji keken ya yi maka tsawo kuma yana rawa. Wannan sabo ne, mako biyu ya ishe shi. Abin da ba ya gyaruwa shi ne jikin keke da ya fi ƙarfinka. A yawancin kamfanoni mai tsawon santimita 175 yana faɗawa lamba 54, mai 180 kuma 56, sai dai 54 na wannan kamfani ba lallai ya zama 54 na wancan ba. Ka hau, ka ɗora hannu kan mariƙin birki: in gwiwar hannunka ta miƙe sambal, kafaɗunka sun haɗu da kunnuwa, ya yi maka girma. In ka faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramin. Ana iya ƙara wuya a ɗaga sirdi, amma ba a yanke jikin keke. Kafin ka tafi kasuwa ka auna kekenka na gida daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa saman sirdi, ka riƙe lambar, daga nan za ka fara saita sabon.

Maganar kabon kuwa, a sabon keke ba ni da ja. A na hannu, irin wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, ina da ja sosai. Alminiyam ko ƙarfe in ya bugu za ka ga lotsawa. Kabon na iya tsagewa daga ciki fenti na sheƙi a waje, kuma ba ka san tarihinsa ba, ba ka san abin da aka jibga masa a cikin kwantena ba. Keken alminiyam mai kyau yana kilo 9 zuwa 10 da rabi. Naka na yanzu ya kai 13 ko 14, ka ga ka riga ka sauke kaya. Kilo ɗaya ko biyun da kabon zai rage maka, kwamfutar da ke jakarka ta mayar da su. Ka duba wurin walda ko akwai tsaga siririya, ka juya taya ka ga ko tana kaɗawa, ka matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya ka ji ko wuya na ƙwanƙwasa. Ka kuma tabbata sandar sirdi tana motsi, don akwai waɗanda tsatsa ta riga ta haɗe su da jikin keke har abada.

Giya ba ta buƙatar dogon lissafi. A kayan giyar kamfanin Shimano na titi, samfurin Claris na da giya 8 a baya, Sora 9, Tiagra 10, 105 kuma 11 ko 12. Sora ko Tiagra sun ishe ka, kuma sarƙarsu ta fi sauƙin kuɗi. Ka dai nemi faranti biyu na gaba masu haƙora 50 da 34, babbar giyar baya kuma ta kai 32 ko 34. Abuja ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, kuma tsofaffin kekunan tsere masu 53 da 39 a gaba, 25 a baya, za su sa ka tuƙa hawa a tsaye da jaka a baya, ka isa ofis jiƙe sharkaf.

Birki: ka saba da na faifai mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya tsayar da kai. Birkin rim a cikin ruwan sama sai taya ta zagaya kafin ya kama, kuma daminar Abuja doguwa ce. Na faifai ya fi, ko da mai waya ne. Mai wayar ma yana da ladansa, don kowane mai gyaran keke zai iya canza waya. In ka samu mai aiki da mai, ka sani Shimano na amfani da nasa man na musamman, kada a ɗura masa man birkin mota, zai lalata robobin ciki.

Fedarka da takalminka kada ka canza su. In kana amfani da fedar SPD, mai maƙale takalmi, mai ƙusa biyu a ƙasan takalmi, ka kwance ka ɗaura a sabon keken, zaren ɗaya ne. Takalmin 'yan tsere mai ƙusa uku ba a iya tafiya da shi a kan tayil ɗin ofis. Ka kuma duba ko jikin keken na da ramukan ɗaura kariyar ɗora kaya da makarin taɓo. Jaka a baya cikin zafin watan Maris ba abin da za ka jure kullum ba ne.

Ga wata dabara kafin ka kashe ko sisi a kan sabon keke. Rim ɗin taya inci 29 da na keken titi da ake rubuta wa 700 girmansu ɗaya ne, milimita 622 daga wannan gefen da'irar zuwa wancan. Ka sa wa kekenka taya mai sulɓi, milimita 40 zuwa 45, ka kulle shok, ka je aiki da shi na wata guda. Gurnanin zai tafi. Abin da zai rage shi ne iska: da zarar ka wuce kilomita 25 a awa, mafi yawan ƙarfinka wajen keta iska yake tafiya, kuma zama a miƙe da hannu a buɗe yana tare ta. A hanyar ofis mai danja da cunkoso bambancin ba zai yi yawa ba. A tafiyar Asabar ce, inda za ka miƙe kilomita 50 ko 60, keken titi zai nuna maka kansa.

Ta fuskar motsa jiki, ribarsa ita ce tuƙi ba yankewa. A dutse ka tuƙa da ƙarfi, ka saki, ka gangara. A titi kana iya riƙe bugun zuciya a mataki ɗaya na awa guda ko biyu. Ka koyi juya ƙafa sau 80 zuwa 90 a minti da giya mai sauƙi, ba danna mai nauyi ba, don gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Zuwa da dawowarka kwana uku ko huɗu kaɗai sun kai ka nan.

Ka ware wani abu daga kuɗin don hular kwano, fitilar gaba da jar fitilar baya da za ka kunna ko da rana, makulli mai kauri, da tiyub biyu na ajiya. Bawul ɗin keken titi siriri ne, na Presta, famfon masu faci na bakin titi ba ya kama shi, sai ka sayi ɗan ƙaramin mahaɗin da ake murɗawa a kansa ka jefa a aljihun jaka, ko ka riƙa yawo da naka famfon. Lokacin hunturu kuma ka rage wa sarƙa mai, ka goge ta da tsumma duk ƙarshen mako, don ƙura da mai in suka haɗu cin haƙoran giya suke yi.