Talabijin mai ɗaukewa in ta yi zafi: nemo ƙafar da ta saki, kada ka gasa bod ɗin duka

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce talabijin ɗinka mai LED tana tashi lafiya, bayan kamar minti ashirin hoto ya ɗauke, in ka bubbuga bayanta ya dawo, kuma an ba ka shawarar ka bi bod ɗin, wato allon da kayan lantarkinta ke manne a kai, gaba ɗaya da bulowa mai hura iska mai zafi. Alamun nan sun yi kama da tsagewar dalma, wato ƙarfen da ake narkawa a liƙa ƙafafun kaya a jikin bod, babu shakka. Amma shawarar gasa bod ɗin, don Allah ka ajiye ta. Galibi ƙafa ɗaya ce ko biyu suka saki, su ake nema a gyara, ba a ƙona lafiyayyun kaya saboda su.

Kafin hannunka ya taɓa komai, cire filogi, sannan ka nemi babban kafasta, wato abin da ke tara caji, da ke kan bod ɗin wuta, wanda aka rubuta wa 400V ko 450V. A wutar 220 zuwa 240 yana riƙe sama da volt 300, a wasu talabijin ma ya kusa 400, kuma yana iya riƙe ta bayan an kashe. Auna shi da mita a kan DC. In da caji, sauke shi ta razista mai kilo-om 10, wat 5, ka riƙe da abin da wuta ba ta bi, ka sake aunawa har ya sauka ƙasa da volt 5. Kada ka haɗa ƙafafunsa da sukundireba. Tartsatsin yana cin jan ƙarfen bod, yana kuma lalata kafastan.

Dalilin tsagewar shi zai nuna maka inda za ka duba. Duk kunnawa kaya na yin zafi su buɗe, duk kashewa su huce su tsuke, kuma ƙafar ƙarfe da dalma da bod ba daidai suke buɗewa ba. Shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja, sai dalmar ta tsage a zagayen ƙafar. Da sanyi ɓangarorin na manne, wuta na wucewa. Da zafi tsagar ta buɗe, hoto ya tafi. Bugun da kake yi mayar da su yake su haɗu na ɗan lokaci, kuma ka daina shi, domin kowane tartsatsi a cikin tsagar ƙara ƙona wurin yake.

Saboda haka fara da kaya masu nauyi da masu zafi: ƙafafun taransifoma, manyan koyil, diyod da taransisto da aka ɗaure a jikin ƙarfen sanyaya, manyan razista, soket ɗin shigar wuta, da kanekta mai kai wuta ga fitilun bayan gilashi. Sai wuraren da ake yawan sokawa da zarewa, kamar HDMI da ramin eriya. Juya bod ɗin, sa madubin ƙara girma, ka haska tocila daga gefe, ba daga sama ba. Abin da kake nema siririn zobe ne baƙi ko toka-toka da ya kewaye ƙafar. Ka ɗan girgiza kayan ta ɗaya gefen kana kallo: in ƙafar ta motsa a cikin dalmarta, ka same ta. Rashin ƙyalli kaɗai ba hujja ba ne. Tun da dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2006 ta taƙaita gubar dalma a kayan lantarki, yawancin masana'antu suka koma ga haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe, shi kuwa ko lafiyayye ne a dushe yake.

Ka kuma tabbatar ciwon na dalma ne. Lokacin da hoton ya ɗauke, in sauti na nan, haska tocila dab da gilashin. In ka ga hoto dishi-dishi, matsalar tana layin fitilun baya, kuma tana iya zama a jikin fitilun kansu, inda narka dalmar bod ba zai yi komai ba. Kafasta mai kumburarren kai ma canja shi ake yi. Alamarsa ta saɓa wa taka: talabijin ta ƙi tashi da sanyi, ta daidaita in ta ɗumama.

To, aikin kansa. Kana buƙatar ayan, wato ƙarfen narka dalma, mai saitin zafi, kamar wat 60, da baki mai faɗin milimita 2 zuwa 3. Baki mai tsini kamar allura ba ya kai zafi ga manyan ƙafafu. Dalmar 63/37, wato kashi 63 kuza da 37 gubar dalma, tana narkewa a digiri 183 na Salshiyas, sai ka sa ayan a 330 zuwa 350. Ta masana'anta marar guba sai wajen 217 zuwa 220 take narkewa, don haka tana son 360 zuwa 380. Sai fulaks, wato man da ke tsabtace wurin don dalma ta kama, na ƙaro irin na kayan lantarki. Na masu gyaran famfo yana da asid, zai ci bod ɗin a hankali bayan ka rufe.

Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne su ɗora ayan, tsohuwar dalmar ta narke, su ɗaga, su ce an gama. Cikin tsagar nan akwai tsatsa da ƙuna, narkewa kawai lulluɓe su take, bayan 'yan makonni ciwon ya dawo. Zuƙe tsohuwar da famfon zuƙar dalma ko da igiyar jan ƙarfe mai tsotsewa. In ƙafar ta yi baƙi, kankare ta har ta yi haske. Shafa fulaks. Ɗora bakin ayan ya taɓa ƙafar da zoben jan ƙarfen bod a lokaci guda, ka kawo sabuwar dalma mai kaurin milimita 0.8 ta ɗaya gefen, ta narke a jikin ƙafar, ba a bakin ayan ba. Daƙiƙa biyu zuwa huɗu sun isa. Janye dalmar tukuna, sannan ayan, kuma kada ka motsa kayan ko ka hura masa iska har ya daskare. Haɗi mai kyau yana hawa jikin ƙafar a kwance, ya lafe. In ya dunƙule a sama bai kama zoben ba, zafi bai isa ba ko wurin bai tsabtatu ba.

Ƙafafun da ke jikin ƙarfen sanyaya suna shanye zafi. Maganinsu baki mai faɗi, ba danna ayan da ƙarfi ko daɗewa ba, domin hakan ne ke ɗaye zoben jan ƙarfe daga bod. In ya riga ya ɗaye, kankare koren fentin da ke kan layin, ka haɗa ƙafar da layin ta guntuwar waya. In bod ɗin ya ƙone ya yi gawayi a wurin, kankare baƙin duka, saboda wuta na bin sa. Bayan nan wanke da barasar aisofurofil mai ƙarfin kashi 99 da tsohon buroshin haƙori, ka bi ƙafafun da ke kusa da juna da mita ko dalma ta haɗe su. Ka yi aikin inda iska ke shiga, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Kunnawar farko ka yi ta da ƙwan fitila mai zare na wat 100 a jere da layin wuta. Ya haska ya dushe, layukan wuta ba su haɗe ba. Ya tsaya da cikakken haske, kashe ka koma ka duba. Sai ka cire ƙwan, ka mayar da murfin baya, ka bar ta tana aiki awa biyu ko uku. Gwaji ba murfi yaudara ne, tunda zafin da ke buɗe tsagar ba ya taruwa.

Game da bulowa, wuri ɗaya take da aiki a nan: babban IC, wato guntun da ke sarrafa aiki, na bod ɗin hoto, wanda ƙafafunsa ƙananan ƙwallayen dalma ne a ƙarƙashinsa, ayan ba ya kai musu. Shi ma sai an busar da bod ɗin daga danshi, an ɗumama shi ta ƙasa zuwa digiri 120 ko 150, an rufe kafastoci da kanektocin roba da takardar alminiyam, an zura fulaks, an ɗaga zafi sannu a hankali zuwa wajen 235 a jikin bod na kusan minti ɗaya, sannan a bar shi ya huce da kansa. Ko an yi duk wannan daidai, sau da yawa gyaran ba ya daɗewa, domin tsohuwar dalmar ce dai, wani lokacin ma tsagar a cikin IC ɗin take. Gyara mai ɗorewa shi ne a cire shi a sa sababbin ƙwallaye, ko a canja bod ɗin. Bin bod duka da iska mai zafi kuwa yana dafa kafastocin da iyakarsu digiri 85 ko 105 ce, ya hure ƙananan kaya daga mazauninsu, ya lanƙwasa bod. Siraran ledojin da ke manne a gefen gilashi kuma da gam na musamman aka liƙa su, ba da dalma ba, kada zafi ya kusance su.

Tunda bugu na dawo da hoton talabijin ɗinka, fara da bod ɗin wuta: kanektan fitilun baya da ƙafafun taransifoma. Ka ɗauki hoton bayan bod ɗin da haske daga gefe ka turo, tare da lambar samfurin talabijin ɗin, kuma ka faɗa mana ko sauti na tsayawa lokacin da hoton ya ɗauke.