'Yata na son zama jarumar barkwanci, an ce ta biya kuɗin fom

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Agege. 'Yata mai shekara 19 tun tana ƙarama ba ta da aiki sai kwaikwayon mutane, daga kwandastan motar haya ta damfo har Bayarbiyar da muke haya a gidanta. Tana ɗora bidiyo a TikTok da Hausa da Yarbanci da buroka. Yanzu wani ya yi mata magana ta Instagram, wai shi furodusa ne, zai sa ta a shirin barkwanci na talabijin. Ya ce ta tura naira 80,000 kuɗin fom, sannan ta same shi a otal da daddare ya gwada ta. Babanta bai sani ba. Na kusa sayar da 'yan kunnena in ba ta, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Haka ake shiga harkar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mayar da 'yan kunnenki inda suke. Kada ki tura ko sisi, kuma kada yarinyar nan ta taka ƙofar otal ɗin.

Na haura shekara ashirin ina zaɓen 'yan wasa a Legas, kuma bakina ya gaji da wannan maganar: ba a sayen rol, wato gurbin fitowa a fim. Furodusa shi ke biyan ɗan wasa, ko da kuɗin mota ne da takeaway ɗin shinkafa. Wanda ya tara miliyoyin haya kyamara da janareto da gidan lokeshan, me 80,000 ɗinki za ta tsinana masa? Wanda ya nemi kuɗin fom ba shi da fim, fom ɗin ne sana'arsa.

Gwaji na gaskiya da safe ake yin sa, a zaure ko ofis, galibi wajen Surulere ko Ikeja. Za ki tarar da layi har bakin titi, kowa an manna masa lamba a ƙirji da salatef. A miƙa wa yarinya takarda ɗaya ta karanta, mutum uku na zaune bayan tebur, kyamara na kallonta. Minti biyu a ce mata an gode, za a kira ta, kuma sau tari ba a kira. Yanzu ma wasu cewa suke ta ɗauki kanta da waya a gida ta turo. To ina otal a nan, ina dare?

Bara wata yarinya ta zo min lokeshan, babanta na sayar da albasa a Mile 12. Ta ciro kati mai leda da hotonta, wai katin shaidar jaruma ne, ta biya 150,000 aka ce ta nuna shi duk inda ake fim za a sa ta. Hannunta na rawa take miƙo min. Lambar mutumin ta daina shiga tun mako uku. Ita kuɗi kaɗai ta rasa. Akwai waɗanda suka je ɗakin, aka ɗauke su bidiyo, har yau ana tatsar su da barazanar za a tura wa iyayensu. Mu kuma, saboda kunyar a ce 'yar wane na son fim, sai mu yi komai a ɓoye, abin da ɗan damfara ke so ke nan.

Za a ce miki ai ƙungiya ma ana biya. E, ƙungiyar 'yan wasa ta AGN tana karɓar kuɗin mamba, amma a ofis, da rasit, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin rol. Makarantar koyon fim ma daban ce: PEFTI ta furodusa Wale Adenuga tana Isolo, kamfanin fim na EbonyLife kuma ya buɗe tasa a Victoria Island da tallafin gwamnatin jiha, kyauta ga mazauna Legas.

'Yarki ta dubi jaruma Funke Akindele, 'yar Ikorodu. Ta fara fitowa a talabijin a 1998, cikin shirin wayar da kan matasa da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, ta ɗauki nauyi. Bayan ya ƙare ba ruwan rol aka yi mata ba, finafinan Yarbanci ta koma, ta kuma karanta lauya a Jami'ar Legas. Sai 2008, shekara goma cur, fim ɗin Jenifa ya fito, kuma ita ta shirya abinta. Ta mai da shi shirin talabijin a 2015, sannan a farkon 2024 wani fim ɗinta ya zama na farko a Nollywood da ya haura naira biliyan 1 a sinima. Masu son a dare ɗaya su zama taurari ba sa ƙirga shekarun nan.

Yarinyar da ke ba da dariya da harshe uku tana da abin sayarwa, don irinta ba su da yawa a garin nan. Mata masu barkwanci da Hausa ma 'yan kaɗan ne, shi ya sa rasuwar Saratu Gidado, Daso, a 2024 ta bar giɓi. Ta ci gaba da bidiyonta cikin sutura da mutunci, ta koyi rubuta sikirif, kada ta ajiye karatu.

Sai maganar da ba za ki so ba, Hajiya. Ki gaya wa babanta yau, kafin ya ji a majalisa. Ku ɗauki hoton saƙonnin mutumin da lambar asusunsa ku adana, sannan ta toshe shi. Ranar da aka kira gwaji na gaskiya, ki sa mayafinki ki raka ta, ki tafi da ruwan sha da kujerar roba in kina da ita, don layin kan kai la'asar.