Amsa: autel da hôtel, tushensu ɗaya ne?

Malam, ka tambaya ko autel da hôtel 'yan gida ɗaya ne, tunda a bakin Bafaranshe duk "otel" ake ji. A'a, kunne ne kawai ya haɗa su. Hôtel daga hospitale ta Latin ta fito, wato masaukin baƙi. Ita kuwa autel bagade ce, wurin miƙa hadaya, kuma a coci ita ce teburin da fada ke tsayawa a gabansa lokacin ibada.

Asalinta altare ce a Latin. Romawa kansu sun danganta ta da altus, mai tsawo, don bagaden a ɗage yake bisa ƙasa. Masana harshe da dama sun fi karkata ga adolere, ƙona hadaya. Ni ma nan na fi gamsuwa, don wuta da hayaƙi ne ainihin aikin wurin.

To ina "l" ɗin da ke cikin altare ya shiga? A tsohon Faransanci alter ake cewa. Sannu a hankali "l" da ke zuwa kafin harafin da ba wasali ba ya narke ya zama "u", kamar yadda alba ta koma aube, wato asuba. Ƙarshen kalmar kuma ya juye daga -er zuwa -el.

Idan ka ci karo da maître-autel, babban bagaden coci ake nufi. In kuma aka ce wani ya kai mace autel, aurenta ya yi, ba otal ya kai ta ba.