Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan koyar da kimiyya da karatu ta bidiyo

Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce makarantarku ta samu furojakta, kina son sanin ko bidiyo zai taimaka wa 'yan sakandare a kimiyya da iya karatu, da kuma wanne ya kamata ki sa musu. Ni dai na daɗe ina koyar da fizis kuma ina amfani da bidiyo a aji, abu na farko da zan gaya miki shi ne kada gyaɗa kai ya ruɗe ki. Yara za su kalli bidiyo mai kyau, hotuna na motsi, mai bayani na zuba tiryan-tiryan, ki ce kun gane su ce eh Malama, kuma wallahi ba ƙarya suke ba, a ransu sun gane ɗin, amma ki ba su tambaya bayan kwana biyu sai ki tarar kowa ya koma kan tsohon tunaninsa kamar ba a taɓa kunna komai ba.

Derek Muller, mai tashar Veritasium a YouTube, a kan wannan matsalar ya yi digirinsa na uku a jami'ar Sidni da ke Ostireliya, ya kammala a 2008. Ɗaliban da aka nuna wa bayani tsaf babu gargada sun ce bidiyon ya yi daɗi kuma sun ƙara yarda da kansu, amma makinsu kusan bai motsa ba. Waɗanda aka nuna wa bidiyon da ya fara kawo kuskuren da mutane suka saba yi sannan ya warware shi, sun yi ta ƙorafin ya rikita su, sai ga shi su ne makinsu ya tashi. Dalili kuwa yaro ba da kai fanko yake shigowa aji ba, yana da nasa bayanin tun daga gida, in ba ki tono shi ba bidiyon zai bi ta kansa ya wuce.

Ga yadda nake yi. Akwai ɗan gajeren bidiyon nan na Apollo 15 a 1971, inda ɗan sama jannati David Scott ya tsaya a duniyar wata da guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan. Ina tsayar da shi daidai kafin ya sake su, in ce kowa ya rubuta a littafinsa wanne zai riga faɗuwa da dalili, a rubuce fa, don in kin ce a ɗaga hannu duk za su bi bayan yaron da suka san ya fi ƙoƙari. Kusan duk aji guduma suke rubutawa. Sai in saki bidiyon, su biyun su taɓa ƙasa a tare, nan fa aji ya kaure da musu, wani ma ya ce haɗi ne. Wannan musun shi ne darasin, daga nan sai mu shiga maganar cewa a wata babu iskar da za ta tare gashin, in ɗauko takarda biyu in dunƙule ɗaya in sake su tare su gani da idonsu. Bidiyon bai kai minti biyu ba amma ya ci mana darasi guda.

Tsawo ma ki kula. Wani bincike na Philip Guo da abokan aikinsa a 2014 kan darussan bidiyo na edX, wani shafin karatu ta intanet, ya nuna masu kallo na fara zamewa bayan kamar minti 6, kuma waɗancan manya ne da suka kawo kansu, balle yaro bayan an dawo daga tara.

Maganar karatu kuma, a ganina rabin waɗanda muke cewa ba sa gane kimiyya tambayar ce ba sa iya karantawa su fahimta, kuma bidiyo na iya ɓoye wannan ciwon tunda kunne ne ke aiki. Don haka kullum ki kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan bidiyo, cikin harshen da ake maganar. A Indiya Brij Kothari ya shafe shekaru yana sa irin wannan rubutun a ƙasan waƙoƙin talabijin don mutane su saba da karatu, ido na bin kalma kunne na jin ta. Ni nakan maimaita bidiyon karo na biyu da sauti a kashe, yaro ɗaya ya karanta a bayyane, sannan a rufe komai kowa ya rubuta layi uku na abin da ya fahimta da kalmominsa. A nan za ki ga masu buƙatar taimako. Sai dai ki duba rubutun tun a gida, wanda na'ura ke yi da kanta yana yawan kwafsawa a sunayen sinadarai. In mai maganar na gudu, YouTube na da wurin rage sauri zuwa 0.75.

Wanne za ki sa, Khan Academy, mai darussan bidiyo a intanet, kyauta ce kuma ta yi kyau a lissafi da kemistri. PhET ta jami'ar Kolorado, wadda Carl Wieman ya kafa a 2002, ba bidiyo ba ce, gwaji ne a kwamfuta, yaro ya haɗa waya da batir da ƙwan fitila da kansa, ni na fi son ta a darasin lantarki. In intanet ɗinku ba ta da tabbas ki nemi manhajar Kolibri, ana sauke darussa a yi aiki da su ba tare da intanet ba. Amma duk gwajin da za a iya yi da hannu ba tare da haɗari ba a yi shi da hannu, bidiyo a bar wa abin da aji ba zai iya gani ba, kamar rabuwar ƙwayar halitta ko sinadarai masu fashewa.

Ki gwada sifika daga kujerar baya kafin yara su shigo, ta furojakta ba ta cika kaiwa can ba. In kin faɗi ajin da kike ɗauka da darasin da ke gabanki, zan turo miki waɗanda na gwada in sha Allah.