Filin Tambaya da Amsa: Zan ajiye pawa baik ɗina wata huɗu, me zan yi masa kafin in tafi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni mazaunin Malali ne nan Kaduna, ina da Honda CBR600RR ƙirar 2008 wanda na saya ɗan Beljiyam shekara biyu da suka wuce, toh yanzu wurin aiki sun turani kwas zan bar gari daga ƙarshen Nuwamba sai cikin Maris in Allah ya kaimu, kuma gaskiya bana son barwa kowa makulli saboda ƙannena yara ne masu zafin kai. Ina gani a YouTube turawa suna ta hidima da baburansu kafin lokacin ƙanƙara, shin muma sai munyi duk wannan ko kawai in lulluɓe shi da tamfol in tafi? Sannan na ɗan tara kuɗi ina so in sa masa salansa mai ƙara da sabbin tayoyi, inyi kafin tafiya ko sai na dawo? Nagode.

Daga wani mai karatu, Malali

AMSA

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, amin amin, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Batun riƙe makulli kam kayi daidai, mashin mai 600 ba abin koyon hannu bane.

Su turawan da kake gani, irin mutanen Kanada da Jamus da arewacin Amurka, dole ce ta sa su. Titi yana daskarewa, gwamnati tana watsa gishiri akan kwalta don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma cin ƙarfe yake, sannan ruwa in ya kai digiri 0 yana daskarewa ya kumbura har ya iya fasa lagireto ko jikin inji. Mu a Kaduna Allah ya raba mu da wannan, duk sanyin Janairu da ake hura wuta a bakin titi da asuba bai kai ya daskarar da ruwa ba. Amma sauran abin da suke yi ya shafe ka kai tsaye, domin zama shi kansa ciwo ne ga inji ko a ina yake, kuma mu ga ƙari muna da ƙurar hunturu da ɓeraye da zanzaro, sannan kafin ka dawo a Maris zafin bazara ya fara.

Ka fara da baƙin mai. Mutane da yawa cewa suke ai tunda ajiyewa zanyi bari sai na dawo in juye, toh wannan baibai ne, tsohon baƙin mai yana ɗauke da dattin ƙonewar fetur da ɗan asid da danshi, in ka barshi wata huɗu yana kwance akan biyarin da haƙoran giya cin su yake a hankali. Ka ɗumama injin, ka juye, ka canza filta, kusan lita 3 naka yake sha. Kuma dan Allah ka juya bayan galan ɗin ka nemi inda aka rubuta JASO MA ko MA2, 10W-30 ko 10W-40 gwargwadon abin da littafin mashin ɗin ya ce. Kada ka yarda a zuba maka na mota don an ce maka mai tsada ne, kulocin babur a cikin mai yake iyo, wasu mayukan mota kuma suna da sinadarin santsi da zai sa kulocin ya riƙa zamewa, kaga kana murɗa totur inji na kuka mashin baya tafiya.

Sai fetur, kuma anan ne nake so ka natsu. Fetur baya zama, bayan 'yan watanni mai ƙarfin cikinsa yana tashi ya bar wani abu mai danƙo mai warin tsohon fenti, naka kuma injekta ne ba kafireto ba, ramukan da man ke fesowa ta cikinsu ƙanana ne ƙwarai, famfon man kuma a cikin tankin yake zaune. In ka bar tanki rabi ko ƙasa da haka, sanyin dare da zafin rana suna sa bangon ciki yayi gumi, tsatsa ta kama, ranar da ka tada mashin duk wannan tsatsar famfo zai zuƙa. Na san lita 18 a wannan zamani tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba ƙaramin kuɗi bane, amma ka tambayi kuɗin famfon mai na CBR ka kwatanta. Ka cika shi a gidan mai da ka yarda dashi, banda na 'yan bumburutu. In ka samu maganin nan da ake zubawa a tanki don hana fetur lalacewa ka zuba yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ka ɗan zaga dashi minti goma don ya ratsa har injekta. In baka samu ba, toh idan ka dawo ka zuƙe tsohon ka baiwa janareta, ka zuba sabo kafin ka tada. Kuma tunda tanki a cike yake kada a jingine shi kusa da kicin ko inda ake kunna janareta.

Batir shi ne zai fara mutuwa in ka ƙyale shi. Ƙarami ne, agogon mita da na'urar tsaron makulli kuma suna shan wuta ko mashin a kashe yake. Ka cire shi gaba ɗaya, baƙar waya ta fara fita sannan ja, ranar mayarwa kuma ja ta fara shiga. Ka ajiye shi a ɗaki inda rana bata bugu. Lafiyayyen batir in aka auna ƙarfin wutarsa da mita yana nuna volt 12.6 zuwa 12.8, in ya sauka ƙasa da 12.4 yana son caji, don haka ka nemi wani babba a gida ya riƙa kai shi ana yi masa caji mai sanyi sau ɗaya a wata, ba irin cajin gaggawa na batirin mota ba. Kaga cire batirin ma ya ƙara maka kwanciyar hankali akan ƙannen naka.

Kuma kar ka sa kowa ya riƙa tada maka shi minti biyar duk Juma'a wai don kar ya kwana. Injin baya yin zafin da zai ƙone danshi, sai ma ya tara ruwa a salansa da cikin mai, batir kuma ya ƙara raguwa.

Yanzu ga abin da babu bature da zai gaya maka yadda yake a gidajenmu. Shekarun baya na taɓa ajiye nawa a zauren wani ɗan'uwa wata uku, na wanke shi tas na lulluɓe, da na dawo na tada sai yana ta shaƙewa yana mutuwa. Da muka ɗaga tanki muka buɗe akwatin filtar iska, wallahi ɓawon gyaɗa ne cike da tsummokara da guntun ledar burodi, ɓera ya yi gida har ya cinye gefen filtar, ga wayoyi biyu na ƙarƙashin kujera ya gwaguye su jan ƙarfen yana walƙiya. Kwana uku mai wayarin yana bin layi ɗaya bayan ɗaya. Tun daga ranar bana ajiye mashin sai na toshe bakin salansa da ƙofar shigar iska ta gaba da tsumma mai ɗan mai na ɗaure da leda, na kuma manna takarda akan mita na rubuta A CIRE TOSHI don kada in manta. Zanzaro shima duk ramin da ya gani sai ya cika shi da laka. In ɗakin da zaka ajiye akwai buhun masara ko shinkafa, ka nemi wani ɗakin.

Sarƙa ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshin haƙori, banda fetur, saboda sarƙar waɗannan mashinan tana da ƙananan zobban roba a tsakanin gaɓoɓi kuma fetur yana busar dasu. Ta bushe sannan ka fesa mata man sarƙa sosai. Ka wanke jikin mashin ɗin, ya bushe sarai kafin rufewa, ka goge sandunan shakazoba na gaba masu ƙyalli ka shafa musu ɗan mai, domin in tsatsa ta huda su roba zata yage mai ya fara zuba. Tayoyi ka sa musu iska cikakkiya, naka 36 gaba 42 baya, in kana da sitan mai ɗaga ƙafa biyu ka ɗora shi akai, in babu masu walda a Panteka zasu ƙera maka in ka nuna musu hoto, ko aƙalla ka shimfiɗa katako a ƙarƙashi. Tamfol na roba kuma ban so, yana riƙe gumi, in iskar hunturu ta kaɗa shi da ƙura a tsakani sai ya zama kamar sanfefa akan fenti. Tsohon zanin gado na auduga a cikin ɗaki ya fi.

Ruwan lagireto ka duba, in ruwan rijiya ko na borehol wani ya taɓa ƙara maka ka juye ka sa kulan na gaskiya, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, mu ba don daskarewa ba, don tsatsa da kanwar da ruwan ke bari. Man birki DOT 4 ne, yana shan danshi, duk shekara biyu ake canza shi, in naka yayi duhu kamar shayi ba madara toh lokaci yayi.

Batun kuɗin da ka tara. Taya kada ka saya yanzu, ba amfani sabuwar taya ta zauna wata huɗu tana ɗauke da nauyi a wuri ɗaya, ka bari sai ka dawo. Ranar saye ka duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin sati na 23 a 2019, domin ana sayar da tsofaffin tayoyi masu zane raɗau amma robar ta bushe, taya ta haura shekara biyar ni bazan sa ta akan mashin da ke iya wuce kilomita 200 a awa ba. Salansa kuwa gaskiya zan faɗa maka, ita ce ta ƙarshe a lissafina. Ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne, in ka canza duka bututun kuma sai an sake saita kwamfutar injin in ba haka ba mai zai yi ƙaranci inji ya riƙa zafi, ga haƙƙin maƙwabta da marasa lafiya idan ka shigo layi da dare. Mashin ɗin 2008 ne, robobin tiyon birkinsa sun tsufa, ka canza su da masu saƙar ƙarfe, ka sa faifan birki masu kyau, a juye man shakazoba na gaba wanda na tabbata da wuya in an taɓa shi, waɗannan kam zaka iya yinsu tun kafin tafiya. In hular kwanonka irin ta bakin titi ce ka sayi mai rufe fuska duka da safar hannu da jaket. Duk wanda ya taɓa taka birkin gaggawa a hanyar Zariya don akuya ko Keke Napep ya yanko masa ya san inda ya kamata kuɗin su tafi. Ka kuma duba ranar ƙarewar takardunka kafin ka fito dashi titi a Maris.

TAMBAYA

Malam ni nawa ba babba bane, Bajaj Boxer ne, zan tafi gida Birnin Gwari wata biyu, nima sai na cika tanki?

Daga Tudun Wada

AMSA

Ƙanena naka da sauƙi. Ka cika tankin eh, amma ka rufe makunnin mai, ka bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, sannan ka kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireto ragowar man ya tsiyaye a gwangwani, don shi ne ke bushewa ya toshe jet. Ka cire baƙar wayar batir, ka ɗora shi akan sitan na tsakiya, ka shafa wa sarƙa mai, ka toshe salansa. In ka dawo ka buɗe mai ka ɗan jira minti ɗaya kafin ka buga kik.