Kawar da ta mamaye gaɓar tekun Turai: ko ɓawonta zai yi riba a Zariya?

Wani Alhaji da ke sayar da kayan haɗa abincin kaji a Sabon Gari ya aiko da tambaya. An ba shi labarin wata kawa, wato halittar teku mai ɓawo biyu masu tauri, dangin ƙumba, da ta mamaye gaɓar teku a Turai har ta zama fitina, an kuma ce ɓawonta a zube yake, kusan kyauta. Yana so ya sani ko ya zuba jari ya shigo da kwantena guda ya riƙa sayar wa masu kajin ƙwai, ko kuwa ya samo masu rai ya kiwata su a kududdufi a gonarsa ta wajen Shika.

Alhaji, labarin da aka ba ka yana da tushe. Asalin wannan kawa daga tekun Japan take. Masu kiwonta ne suka kai ta Holan a 1964, bisa zaton sanyin ruwan can ba zai bar ta ta hayayyafa ba. Ta hayayyafa, ta bazu har gaɓar Jamus da Danmak, ta hau kan wuraren da ƙumbar ƙasar take zama ta yi tsibi a kai. Amma yawan abu a bakin teku daban, arharsa a Sabon Gari daban.

Abin da mai kaji yake saya a ɓawon kawa sinadarin kalsiyam ne. Kaza mai ƙwai tana buƙatar kimanin giram 4 a rana, wajen giram 2 kuma a ɓawon ƙwan yake ƙarewa. Buhu mai kilo 100 na ɓawon kawa yana ɗauke da kalsiyam kusan kilo 38. Garin laimston mai kyau, dutsen nan da ake siminti da shi, adadinsa bai yi nisa da haka ba, kuma ga shi jibge a ƙasarmu: Kalambaina a Sakkwato, Ashaka a Gombe, Obajana a Kogi. Da wannan dutse za ka yi gasa, shi kuwa ba ya biyan kuɗin jirgin ruwa. Fifikon da aka san ɓawon kawa da shi shi ne yana daɗewa a ƙundun kaza yana narkewa a hankali, har cikin dare lokacin da take gina ɓawon ƙwai. Laimston mai tsakuwa-tsakuwa yana yin kusan wannan aikin, don haka mai gona da ya san lissafi ba zai ninka maka kuɗi ba.

Sai batun kyautar. Kafin ɓawon ya shiga buhu sai an kankaro shi, an wanke, an shanya, an niƙa, duk da ladan ma'aikacin Turai, a kuɗin yuro. Yawancin wannan gaɓa ma yanki ne mai kariya, ba a ɗiba sai da izini. Ɗora kuɗin kwantena, kwastan, zaman kaya a tashar Apapa, takardun NAFDAC da na hukumar killace kayan noma, sannan tirela daga Legas zuwa Zariya. Kaya ne mai nauyi, kuɗinsa kaɗan, irinsa kuwa hanya ce take cinye ribarsa. Ni dai ban ga inda za ka fita ba, kuma ina jin tsoron duk wanda zai ce ka tura kuɗi tun ba ka riƙe samfur a hannunka ba.

Maganar kawo masu rai ta fi damuna. Kawar Japan ruwan gishiri take so, a Shika mutuwa za ta yi, kuɗinka ya bi ruwa. Danginta masu rayuwa a ruwan daɗi kuwa, su ne abin gudu. Wata ƙaramar ƙumba mai ratsi-ratsi, 'yar asalin yankin tekun Kasfiya, ta shiga tafkunan Amurka cikin ruwan da jirage ke ɗauka don daidaita nauyinsu. An fara ganinta a 1988, kuma har yau kamfanonin ruwa da na lantarki suna kashe maƙudan kuɗi wajen kankare ta daga bututu. Wata daga Sin ta bayyana a Ajantina a 1991, ta bi koguna har cikin Birazil tana toshe injinan madatsun ruwa, ita kuma ruwa mai ɗumi bai dame ta ba. Da damina kududdufinka zai tumbatsa ya haɗu da rafi. Zariya da ta sha wahalar ruwan famfo shekara da shekaru ba ta buƙatar abin da zai toshe mata bututun da take ja daga kogin Galma. Don Allah ka cire wannan daga ranka.

Za a iya ce maka ai a Afirka ta Kudu ana cin riba da irin wannan baƙuwar halitta. Haka ne, ƙumbar Bahar Rum da ta mamaye gaɓarsu tun ƙarshen shekarun 1970 ita ake kiwo a mashigin tekun Saldana da ke can. Amma naman suke sayarwa, ga teku a ƙofar gida, ga masu ci.

In kana son wannan layi, Alhaji, ka tsaya cikin gida. Akwai kawa 'yar ƙasa a Neja Delta da Legas, ɓawonta kuma ya daɗe yana hawowa Arewa. Sayi buhu kaɗan daga dillalai biyu ko uku, ka kai samfur ɗakin gwaji a Samaru ko Shika a auna maka kalsiyam da yashin da ke ciki, domin da yashi ake ha'inci a wannan kaya. Ka tankaɗe, ka ware mai tsakuwa ka sa masa farashinsa daban. Ka tanadi kaya kafin Maris: da zafin bazara kaji suna haki, ɓawon ƙwai yana yin laushi, a lokacin ne masu gona suke neman mai kyau ido rufe. Bashi kuma kada ya wuce na mako biyu, tunda mai kajin ƙwai kullum kuɗi na shigo masa.